Katin da Uwani ta ajiye cikin toka

Shekara biyu katin ya yi cikin goran iri a ɗakin Uwani, a wani ƙauye arewa da Alasan Mairerai. Ɗan abu ne baƙi, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, irin wanda ake sa wa waya a ji waƙa. Katin memwar ake ce masa. Muryar ɗanta Ƙadri ce a ciki, kuma ba ta taɓa saurara ba.

Ƙadri ne ɗanta na fari, shi kaɗai kuma ya rayu cikin biyar da ta haifa. Saboda kunyar ɗan fari, ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Yaron nan" take cewa, ko "wancan". Da aka yaye shi, mahaifiyarta ta ɗauke shi, bai dawo ba sai da tsohuwar ta rasu, yana da shekara tara. Ya dawo yana ce wa Uwani Yaya, kamar yadda ya ji ƙannenta suna kiran ta. Ba wanda ya gyara masa, ita ma ta bar shi a haka. Ta dafa masa, ta wanke masa, in ya yi zazzaɓi ta zauna bakin ƙofa da tankaɗe kamar aikinta kawai take yi. Amma ba ta taɓa zaunar da shi ta kalle shi ido cikin ido ba.

Bayan mahaifinsa ya rasu, gero ya ƙi shekara biyu a jere, sai Ƙadri ya bi samarin garin zuwa Libiya aikin gini. Can ciwo ya kama shi, kwana shida ya yi ya rasu. Labarin ya iso ta wayar maƙwabta ana tsakar roron wake.

Ana cikin zaman gaisuwa abokinsa Abdul Razak ya dawo. Ya durƙusa bakin ɗakinta, ya warware wata 'yar takarda ya miƙa mata.

"Iya, ga saƙonshi. Kwana huɗu kahin ya kwanta muka ɗauka, a wayata. Wayar an karɓe ta a hanya, katin ne na ɗinke a ƙugun wando. Magana ce mai yawa, har da ta gona."

"Allah shi saka da alheri," in ji Uwani, ta ƙulle katin a bakin zane.

Gidan cike yake da mata. Ta san in ta ce a ara mata waya, kowa zai matso, kuma ba wayar za su kalla ba, fuskarta za su kalla. Uwa ba ta yi wa ɗan fari kuka a gaban mutane. Ta ce a ranta sai an watse. Da aka watse kuma sai wani tunani ya zo mata: muddin ba ta ji ba, da sauran magana tsakaninsu. In ta ji, ta ƙare ke nan.

Sai ta nemi inda za ta ajiye shi kada wani abu ya taɓa shi. Akwati ɓera na shiga, ƙarƙashin tabarma gara na bi. Wuri ɗaya ta sani da abu yake shekara ya fito da ransa. Kowace kaka takan zaɓi wake mai kyau, ta tankaɗe tokar kara, ta cuɗa su, ta ɗura a gora ta liƙe bakin da laka. Ƙwaro bai taɓa ci mata iri ba. Ta naɗe katin a tsumma ta tura shi tsakiyar tokar, ta liƙe, ta rataye goran a ƙusar bango.

Da shuka ta zo ta fasa lakar, ta kwashe waken, ta taɓa tsumman da yatsa ta bar shi a ciki. Daminar nan rufin ɗakin ya yi yoyo ta gefen ƙusar. Ta sa tasa a ƙasa, ba ta tuna da goran da yake buɗe a sama ba. Da kaka ta ƙara sabuwar toka da sabon iri, ta sake liƙewa.

Abin da ya sa ta fito da shi a shekara ta biyu, wata rana ce tana surfe ita kaɗai, ta so ta tuna yadda yake sallama in ya dawo daga gona. Ta tuna tafiyarsa, ta tuna yadda yake jingina hauya a jikin rumbu. Muryar ce ta ƙi zuwa. Duk sanda ta nemo ta, ta mahaifinsa take ji. Ta ajiye taɓarya, ta shiga ta sauke goran.

Tsumman ya daskare kamar ƙanzo. Ta ɓamɓare shi a hankali, katin ya fito fari fat, ta hure shi ta goge a zane. Ta ɗauka zuwa wurin Lalla, matar ƙanen mijinta, mai waya.

"Ara mini, in tahi ɗaki da ita."

Lalla ba ta tambaya ba. Ta buɗe bayan wayar ta sa katin, ta danna, ta sake dannawa. Ta cire ta lasa ta mayar.

"Yaya, ba ta ganin shi. Kamar ba a sa komi ba. Sai dai Mayahi, wurin masu ordinata."

Ranar kasuwa Uwani ta kama zakaranta ta ɗaure masa ƙafa, ta shiga motar 'yan kasuwa. Rabonta da Mayahi tun mijinta na da rai. Ta sayar da zakaran a bakin kasuwa, ta bi ƙarar kiɗa har ta kai rumfar wani mai sa wa mutane waƙa a kati. Salifu sunansa, mutum mai ƙiba da hula a ƙeya, ga lasifika biyu ga tsohuwar ordinata, wato kwamfuta, an ɗaure murfinta da igiyar roba.

"Sannu da zuwa, amaryata," ya ce. "Waƙar soyayya za a sa miki ko wa'azi?"

"Na bar maka soyayya, kai da har yanzu ba a ba ka mata ba."

"Ai ke nike jira."

"Za ka daɗe. Duba mini wanga."

Ya sa katin a wani ɗan ƙarfe ya cusa a jikin ordinatar. Ba abin da ya faru. Ya cire, ya kankare da farce, ya mayar. Na'urar ta yi ƙara kaɗan.

"Yauwa, ga su nan. Fishiye bakwai, saƙo bakwai ke nan, duka na murya."

Uwani ta sunkuya ta ga layuka bakwai na rubutun da ba ta iya karantawa. Salifu ya danna na farko. Wani ɗan akwati ya fito da jan alama. Ya danna na biyu, haka. Kafin ya kai na uku, layukan duka sun ɓace.

"Mi ya ce?"

"Ya ce ba shi iya buɗewa. Yanzu kuma cewa yake a formate katin."

"Mi ke nan?"

"A share shi tas. Yau da sahe na yi wa mutum uku, kati shi koma sabo, ki sa abin da kike so."

"Abin da ke ciki fa?"

"Shi tahi."

Yatsansa na kan maɓalli. Uwani ta ɗora hannunta a kan nasa.

"Ciro mini abuna."

Ya dube ta, ya cire. "Wa ke ciki, Iya?"

"Wani yaro ne."

"Yaron wa?"

"Na gidanmu."

Salifu ya miƙa hannu ya rage ƙarar lasifika. Ya naɗe katin a takarda mai tsabta, ya ba ta da hannu biyu.

"Ni waƙa na iya sawa, ban iya hiddo abin da ya maƙale ba. Ki tahi bayan meri, ofishin magajin gari, akwai shago mai koren ƙyaure, wata mata Mansura na buga wa mutane takardu. Ki ce ni na aiko ki. Kuma kowa ya ce miki formate, ki ce a'a."

Shagon Mansura ƙarami ne, da benci ɗaya a waje. Mutane na jira da takardun haihuwa da na lakkol, wato makaranta, kowa ya san abin da ya kawo shi, kowa na da abokin magana. Uwani ta zauna a ƙarshen bencin da takardarta a dunƙule cikin hannu. Duk wanda ya zo bayanta ta ce ya wuce. Sai da aka yi azahar, benci ya zama ita kaɗai, sannan ta yi sallama.

Mansura mace ce doguwa mai tabarau, ta kusa arba'in. Ta saurari Uwani har ta gama, ta karɓi katin ta kai bakin ƙofa inda haske yake. Ta juya shi, ta kai shi hanci.

"Iya, ina kika aje wanga?"

"Cikin toka."

"Toka?"

"Tokar iri. Tare da wake."

Uwani ta jira dariya. Mansura ba ta yi ba. Ta cire tabarau ta goge.

"Ni 'yar Urafan ce. Innata har gobe haka take aje nata, kuma in kin ba ta zinariya can za ta sa. Ruwa ya shiga goran?"

"Ɗakin ya yi yoyo, bara."

"To shi ne. Busasshiyar toka da ba ta yi mishi komi ba. Amma kin san ruwan toka, yadda yake cin hannu in an daɗe ciki. Duba nan, 'yan layukan ga masu ruwan zinariya, ta nan yake magana da na'ura. Ruwan toka ya ci su."

Uwani ta duba, ta ga wurin ya yi kore-kore.

"Ni na kashe shi ke nan."

"Ban ce ya mutu ba. Zauna."

Mansura ta ɗauko gom, abin goge rubutu irin na 'yan lakkol, ta riƙa goga layukan a hankali, tana hurewa. Ta jiƙa auduga da alkol, ruwan da ake goge ciwo da shi, ta share, ta ajiye shi a kan farar takarda ya sha iska. Ba ta yi sauri ba. Wani mutum ya leƙo da takarda, ta ce ya dawo da la'asar.

Da ta sa katin, layuka bakwai ɗin suka fito.

"Ba za mu buɗe su daga cikinshi ba," ta ce. "Kwaso su za mu yi zuwa cikin ordinata tukuna, sannan mu buɗe."

Wani koren zare ya fara tafiya a fuskar na'urar, daga hagu zuwa dama. Uwani ta bi shi da ido. Ya yi kamar kamu ɗaya, ya tsaya, layukan suka ɓace. Mansura ta cire, ta sake gogewa, ta gwada na farko shi kaɗai. Zaren bai kai inda ya kai ɗazu ba. Ta canza ɗan ƙarfen da ake sa katin a ciki, ta canza ramin da ake cusa shi a jikin na'urar, ta sake gwadawa. Wannan karon ya fi saurin yankewa.

Ta jingina da kujera.

"Iya, gaskiya zan gaya miki. Ruwan ya wuce waje, ya shiga ciki. Kowane sawa ƙarhinshi raguwa yake. Shida manya ne, ba su ƙetarewa kahin ya yanke. Akwai guda ƙarami a ƙasa, ɗan mitsitsi, shi wataƙila ya wuce. Amma ban san mi ke cikinshi ba, mai yiwuwa iska ce kawai. Kuma ban san sau nawa ya rage mana ba. Ke za ki zaɓa."

Uwani ta kalli layi na farko. Nan ne zai yi sallama, ya gaishe ta, ya tambayi gida. Nan ne maganar gona. Shi take so. Fanka na juyawa a sama.

"Shekarar da ruwa ya makara," ta ce, "ba mu shuka babban wake. Ƙarami muke sawa, mai saurin nuna. Ɗauko ƙaramin."

Mansura ta yi bisimilla ta sa katin. Layukan suka daɗe kafin su fito. Ta kama na ƙasan ta ja. Zaren ya tashi, ya tsaya a tsakiya, ya yi kamar ba zai motsa ba, sai ya ƙarasa.

"Ya ƙetare."

Nan take ta koma kan babban, amma layukan sun riga sun tafi. Ta cire ta mayar sau biyar. Ta goge, ta jira, ta sa a wayarta. Katin bai sake fitowa ba.

Ta danna ƙaramin da ya ƙetare. Akwati mai jan alama ya fito, irin na rumfar Salifu. Uwani ta gane shi ba sai an karanta mata ba. Ta fara gyara mayafi.

"Tsaya, Iya, wanga daban ne. Ba cewa ya yi ya lalace ba, cewa ya yi bai san irinshi ba. Wayar da aka ɗauka da ita tsohuwar yayi ce, yadda take aje murya ba kowace na'ura ke ganewa ba. Ina da wani abin da ke juya su."

Ta buɗe wani wuri, ta jefa shi ciki, ta jira. Wani sabon layi ya fito a ƙarƙashin na farko. Ta danna, ta tsayar da shi tun bai fara ba.

"Ya buɗe. Daƙiƙa goma sha bakwai ne."

Ta ɗauko abin sawa a kunne mai waya, ta sa wa Uwani a ƙarƙashin ɗankwali. Ta kama yatsanta ta ɗora a kan dogon maɓallin da ke ƙasa.

"Ki danna nan sau ɗaya. In ya ƙare kina son ƙari, ki sake dannawa. Ni zan tahi sallah, ban yi ba."

Ta fita ta jawo ƙyauren.

Uwani ba ta taɓa taɓa ordinata ba. Ta danna da ƙarfi kamar mai binne iri.

Ta ji iska, ta ji cokali na kaɗawa a cikin kofin shayi. Sai wani ya ce, "Ya fara, yi magana." Muryar Abdul Razak ce. Aka yi gyaran murya.

"Inna."

Sai dariya, ƙasa-ƙasa, ta hanci, dariyar da yake yi in an kama shi yana lasar ƙullun fura.

"Kai, ba ni iyawa. Yaya nike ce mata tun ina yaro. In ta ji wanga sai ta ruhe huska. Goge shi, mu sake."

"Ba ni gogewa. Ai uwarka ce."

"Goge mana, kai dai."

Ya ƙare.

Muryar ta fi ta mahaifinsa kauri, ba ta yi kama da ita ba ko kaɗan. Uwani ta sake dannawa. Ta sake. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ita kaɗai a cikin shagon, da fanka da ƙamshin takarda. Ba ta san sau nawa ta danna ba.

Da Mansura ta dawo sai da ta yi sallama ta jira a waje. Ta shigo ta zauna, ba ta tambayi abin da ke ciki ba.

"Sauran shidan fa?" in ji Uwani.

"Ban ce ba mai iyawa a duniya ba. Amma nan da Tasawa da Maradi, ban san shi ba."

Uwani ta gyaɗa kai. Maganar gona ta tafi ke nan. Ba za ta san ko ya ce a bar ta gabas ta huta ba, ko ya faɗi ranar dawowa.

"Zan sa miki shi a sabon kati," Mansura ta ce. "Ki koma kasuwa ki nemi ƙaramar rediyo mai cin kati, Salifu shi zaɓar miki. Ki bar katin a cikinta, kada ki aje shi ko'ina. Wanga ba iri ba ne, ji ake yi. Ni ma zan bar guda a ordinata, in wani abu ya samu naki ki dawo. Wane suna zan rubuta a kai, don in gane shi?"

Uwani ta waiwaya. Ta dubi ƙofa. Ba kowa a bencin. Shekara ashirin da tara sunan na nan, ta ji shi a bakin liman ranar suna, ta ji shi a bakin yara da bakin 'yan gaisuwa.

"Ƙadri," ta ce. Mansura ba ta ji sosai ba, sai da ta maimaita.

Mansura ta buga shi da yatsa biyu. Ta naɗe tsohon katin a takardarsa ta mayar mata.

Ruwan shuka ya sauka bayan kwana tara. Aka shuka gero, da ya yi ganye uku Uwani ta ɗauki irin wakenta ta tafi gonar gabas. Toka ta riƙe shi da kyau, ko ɗaya ba huda. Gonar na da nisa da gari, ba kowa sai aduwa biyu da awakin wani can nesa. Ta kwance rediyon daga bakin zane, 'yar ja ce mai igiya, ta rataya a wuya, ta danna inda Salifu ya nuna mata.

Cokali ya kaɗa a kofi. Aka yi gyaran murya.

"Inna."

"Na'am," ta ce.

Ta sari ƙasa, ta jefa wake uku, ta rufe da diddige. Yana can yana dariya, yana cewa a goge. Ta yi taku biyu ta sake sara. Da ta kai ƙarshen kunya ta tsaya ta goge hannu a zane, ta danna, ta juyo ta kama ta biyu.